Daga Jigo Zuwa Kunyar Tsakar Gida: Taƙaitaccen Tarihin Lambu a Ƙasarmu

Duk wanda ya san ƙasar Ƙetare da maƙwabtanta na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ya san cewa lambu ba baƙo ba ne a wajenmu. Tun kaka da kakanni, iyayenmu mata kan shuka kuɓewa, yakuwa, rama da lalo a bayan ɗaki, kabewa da duma kuma su hau danga. Da rani ya kama, maza su gangara fadama su haƙa rijiya, su kafa jigo, su yi fangali su dasa albasa da barkono. Da haka aka yi ta kaɗa miya ba tare da an leƙa kasuwa ba.

Magabatanmu sun san ƙasa, sun kuma san ruwa. Da rani sukan yi fangali mai zurfi domin ruwan da aka ɗebo da ƙyar ya tsaya a gindin shuka. Da damina kuwa sai a tada kunya, saboda tumatir da barkono ba su son ruwa ya kwanta a saiwarsu. Wato ɗaga ƙasar shuka da wasu ke ɗauka sabon ilimi ne, dabara ce da muka gada.

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya girgiza Arewa, ya kuma farkar da hukuma. A 1975 aka fara aikin Hukumar Raya Aikin Gona ta Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya shafi gundumomin Ƙanƙara da Faskari, ya kawo takin zamani, ingantaccen iri da malaman gona. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da Shirin Ciyar da Ƙasa, aka umarci makarantu da ma'aikata da kowa ya yi ɗan lambu. Mu da muke ɗalibai a lokacin mun ga yadda aka raba wa yara kunyoyi, kowa yana ban-ruwa safe da yamma. Daga baya, shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya yaɗa rijiyar burtsatse da injin ban-ruwa, jigo ya yi ritaya.

Sai dai ci gaban nan ya zo da nasa rashi. Lambu ya zama sana'ar masu jari, tsakar gida ta sha siminti, har zogale ma sai an saya. A 2016, da tsutsa ta cinye tumatir a jihohin Kano, Kaduna da Katsina, gidaje da yawa sun ɗanɗana kuɗarsu. Bayan haka matsalar 'yan bindiga ta raba manoma da dama da gonakinsu na nesa, musamman na bakin daji.

Jama'a, tarihin nan darasi ne. Lambun da ke cikin gida ba ya buƙatar doguwar tafiya ko fetur. Maigida ya tada kunya mai faɗin da hannu zai kai tsakiyarta, a tokare gefenta da tubali ko duwatsu, a gauraya ƙasar da takin dabbobi da ya ruɓe. Uwargida ta zaɓi iri, yara su ɗauki ban-ruwa, a kuma kewaye da kara saboda kaji da awaki. Alayyafo bai wuce wata guda ba a fara tsinka. Inda fili ya yi ƙaranci, tsohon buhu ma ya wadatar.

Muna kira ga wannan ƙungiya tamu mai albarka da ta tallafa wa zawarawa da 'yan gudun hijira da iri, ta kuma tuntuɓi shugabannin makarantunmu a farfaɗo da lambun makaranta. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da bai ƙoshi ba, karatu ba ya zama a kansa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya albarkaci abin da muka shuka. Amin.