Siginar jirgin ƙasa da labarin tsohuwar waya

Mu nan Kiyeshe ba mu da dogo. Amma in ka taɓa zuwa Doso, ka ga ƙarafan da anka shimfiɗo daga Yamai tsakanin 2014 da 2016, wajen kilomita 140. A 2021 kuma anka soma aikin wani dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina. Wataƙila wata rana kai ko ɗanka ku shiga jirgin ƙasa. Ya kamata ka san abin da ke tsare ran matafiyi.

Jirgin ƙasa ba amalanke ba ne. Ba ya kaucewa. In ya ɗauko kaya da gudu, sai ya ci kilomita guda ko fiye kafin ya tsaya. Ke nan sai an gaya ma direba tun daga nesa: tsaya, ko wuce. Alamar bakin dogo mai wannan aiki ita ake kira sigina.

A Ingila jirgin ƙasa ya soma. Da farko mutum ake tsayarwa da tuta. In jirgi ya wuce, sai ya dubi agogo, bayan ƴan mintoci ya saki na biyu. To, in na gaba ya lalace cikin daji fa? Na baya sai ya afka mashi. Bayan 1840 anka ƙago dogon ƙarfe mai hannu a samansa. Hannu a miƙe, tsaya. In ya sunkuya, wuce. Da dare a kunna fitila. Daga baya anka raba hanya gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa jirgi ɗaya tak. A 1889 wannan ya zama doka a Ingila ga jiragen fasinja.

Irin wannan sigina mai hannu Turawan Ingila sunka kawo Najeriya. Jirgi ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ta sha bin wannan dogo zuwa bakin teku.

Wani Ba'amurke, William Robinson, ya kawo dabara a 1872. Ana sakin ɗan lantarki cikin ƙarafan dogo. In ƙafafun jirgi sun hau, sigina ta baya ta rufe da kanta. Yau fitilu sun maye hannu a wurare da yawa: ja, tsaya, ruwan ɗorawa, yi hattara, kore, wuce.

To, sigina ma tana tsufa. Yaya ake canza ta? Ana kafa sabuwa tsohuwa na bisa aiki. Sai a rufe fuskar sabuwar, ko a liƙa mata alamar gicciye, don kada direba ya rikice. Ana ba direbobi takarda mai faɗin rana da wurin canji. Ranar, galibi da dare, sai a tsayar da jirage. A cire tsofaffin wayoyi, a haɗa sababbi. Sannan masu gwaji su zo, ba waɗanda sunka yi haɗin ba. Su ƙirga waya ɗaya bayan ɗaya. Su gwada kowace fitila. Sai babbansu ya sa hannu ake buɗe hanya.

Kana iya cewa wannan wahala ta yi yawa. Saurari abin da ya faru a Kilafam, cikin birnin Landan. A 1988 ana canza siginar wurin. Wani ma'aikaci ya haɗa sabuwar waya daidai. Tsohuwar kuwa kai ɗaya ya kwance mata, bai yanke ba, bai naɗe bakin ba. Ya yi makonni 13 yana aiki kusan ba ranar hutu. Ba wanda ya bi bayansa ya ƙirga wayoyin. Daga baya wayar ta motsa, ta taɓa inda ta fito.

Ran 12 ga Disamba da safe, wani jirgi cike da mutane yana tsaye. Siginar bayansa ya kamata ta nuna ja, amma ba ta nuna ba. Jirgi na biyu ya zo ya daki na tsaye. Na uku ya afka cikin tarkacen. Mutum 35 sunka rasu, kusan 500 sunka ji rauni. Masu bincike ba su ɗora laifi ga ma'aikacin kaɗai ba. Sun ga laifin shugabannin da sunka bar shi cikin gajiya, ba mai duba aikinsa. Tun daga nan anka tsananta dokar gwaji, anka ƙayyade awoyin aiki.

Saboda haka, ɗan uwa, ranar da ka shiga jirgi a Maraɗi ko Kano ka hangi fitila kore, ka tuna akwai wanda ya ɗaura waya, akwai kuma wani dabam da ya bi baya ya ƙirga. Allah ya kiyaye hanya.