Tarihin Wayar Salula Kamar Yadda Muka Gan Shi a Ƙasar Gobir

Na ga ya dace in ɗan waiwayi tarihin wannan aba da kowannenmu ke ɗauke da ita a aljihu, tun da a gaban idonmu ta shigo ƙasar nan.

Kafin zuwanta, mutumin Turba da ke son aika saƙo ga ɗansa da ya tafi cin-rani Kurmi, sai dai ya sa a rubuta masa wasiƙa, ko ya naɗi muryarsa a kaset ya ba direba. Wayar tangaraho ta NITEL kuwa, layukanta a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairu na 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa ta yi gwanjon lasisi a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, kuma a watan Agusta kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Lokacin layi kaɗai yakan kai naira dubu ashirin, sai attajirai da manyan ma'aikata. Zuwan Glo a 2003, da lissafin kuɗin kira daƙiƙa-daƙiƙa, shi ya karya farashi.

Duk wannan a birane ake yi. Mu da ke makaranta muna dai ganin waya a hannun wani malaminmu, wanda kan rataye ta a ɗamara kamar laya. Da sabis ya fara leƙo Isa da Sabon Birni, sai ga masu laima da tebur a bakin tasha, ka biya ka yi kira kowa na jin sirrinka. A Turba kuwa akwai wani tudu da aka sani, can ake hawa a ɗaga waya sama.

Abin da na lura shi ne, kamfanoni sun kashe kuɗi wajen talla: sun shafe bangon shaguna da fenti rawaya da kore da ja, sun ɗauko jaruman finafinan Hausa. Amma ba tallan ya zaɓar mana waya ba, buƙata ce. Nokia 1100 ta 2003 ta karɓu ne domin tocilarta da riƙon caji a garin da babu lantarki; ita da ire-irenta ake yi wa laƙabin "raka-ni-kashi", malamai ku gafarce ni. Daga baya Tecno da itel, 'yan ƙasar Sin, suka mamaye kasuwa saboda araha da cin layi biyu. Ga mutumin bakin iyaka wannan ba ƙaramin abu ba ne: layi ɗaya na gida, ɗaya na Nijar, don 'yan'uwa da abokan ciniki na Maraɗi. BlackBerry da 'yan jami'a muka riƙa yin taƙama da ita, yau ko labarinta ba a ji. Yanzu kuma mai sayar da albasa ko rago yakan ɗauki hoton hajarsa ya tura ta WhatsApp, ciniki ya faɗa kafin mota ta tashi.

Ba mu san nauyin abin ba sai a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe sabis a Zamfara, sannan Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da rufe shi a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Dalilin a bayyane yake, domin da wayar nan suke neman kuɗin fansa. Sai dai a ganina talaka ya fi jin jiki, don wanda aka kawo wa hari ba shi da hanyar neman ɗauki, kuma sabis ɗin Nijar bai daina tsallako iyaka ba.

Ina wurin aiki a Sakkwato, na yi makonni ban ji muryar mahaifiyata ba. Ranar da saƙo ya iso, wani direba ne ya miƙo mini takarda a tasha, rubutun ƙanena: "Inna ta ce a gaishe ka, muna lafiya, kada ka taso sai hanya ta yi kyau." Takardar tana nan a cikin durowar ofishina.