Daga Azara Zuwa Katakon Magani: Tarihin Yaƙi da Gara a Dutse

Duk wanda ya shiga tsofaffin soraye na Garu, tsohon garin Dutse, ya ɗaga kai, zai ga azara jere a rufi. Magina na dā sun san cewa babban abokin gābar gini shi ne gara, saboda haka suka zaɓi giginya, wadda ƙarfin zarenta ke gagarar bakin gara. Maganinsu yana cikin zaɓen itacen ne, ba a cikin wani abin shafawa ba.

A Turai kuwa wata hanya aka bi. A shekarar 1838 John Bethell na Ingila ya fito da dabarar rufe katako a cikin tukunyar ƙarfe, a tura masa man kwalta da ƙarfi har ya ratsa cikinsa. A 1933 wani masani ɗan Indiya, Sonti Kamesam, ya haɗa maganin da ake kira CCA daga sinadarai uku. Jan ƙarfe yana hana ruɓewa, asanik yana kashe ƙwari, kuromiyam kuma yana ɗaure su a jikin katakon. Alamarsa ita ce kore-koren da katakon kan yi.

Shekaru da dama duniya na amfani da shi, kafin bincike ya nuna cewa asanik, wanda guba ne mai jawo ciwon daji, yana tsattsafowa daga katakon. Daga ƙarshen 2003 Amurka ta daina sa shi a katakon gidaje da wuraren wasan yara, Tarayyar Turai ma ta taƙaita shi a 2004. Magungunan da suka gaje shi, irin su ACQ, sun dogara ga jan ƙarfe ba tare da asanik ba. Haɗarinsu ga ɗan'adam kaɗan ne, sai dai suna cin ƙusa, kuma suna cutar da kifi idan sun zurara cikin ruwa.

Wannan tarihi ya iso Dutse ta ƙofar gini. Tun da garin ya zama hedikwatar Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, rufin kwano da katakon kudu suka ture azara. Kafinta kan shafa wa katako baƙin mai don korar gara, turakun lantarki na itace kuwa da magani ake dafa su tun daga masana'anta.

Babban haɗarin yana murhu. A inda makamashi ke da tsada, guntun katako ba ya kwana a bola. Idan mai CCA ne aka ƙona, gubar takan bi hayaƙi, ragowar ta taru a toka, wadda wasu ke zubawa a gona ko su wanke tukunya da ita. Uwargida da mai tsire da mai gidan burodi ba su da hanyar sanin abin da suka hura, in ba a sanar da su ba.

Kakanninmu sun san itacensu tun daga gindi. Mu da muke saye a kasuwa, wajibi ne mu tambayi abin da aka ɗura wa katako kafin ya hau rufi, balle ya shiga wuta.