Daga Wereng Zuwa Murzuna: Tarihin Yaƙin Manomi da Ƙwaro

Gabatarwa

Dogon Kiriya, a arewacin gundumar Dogon Dutsi, ƙasar hatsi ce da wake. Gonakinta jigawa ne, ruwan daminarta kaɗan ne, shinkafa kuwa a kasuwa aka fi ganinta cikin buhu, mafi yawanta daga Asiya ta fito. Duk da haka, akwai wani ɗan ƙwaro na gonakin shinkafar Asiya wanda tarihinsa ya shafi manomin Arewa ta Dogon Dutsi da Tibiri, domin tambayar da ya tilasta wa gwamnatocin can su amsa ita ce take gaban Nijar tun daga farin shekarun 1970. Me ke sa ƙwaron da aka daɗe ana zaune da shi lafiya ya wayi gari ya zama annoba? Kuma yaya aka yi feshin da ake sa ran ya kashe shi yake ƙara masa yawa? Wannan maƙala za ta bi sawun amsar ta hanyar ƙwari uku: fara, da ɗan tsallen shinkafa, da murzuna.

Fara: maƙiyin da ke zuwa daga nesa

Ƙwaron da ya fi zama cikin tunanin dattawan Arewa shi ne fara. Daga 1928 har zuwa 1941 wata annobar fara da ta taso daga fadamun kogin Isa, cikin ƙasar da ake kira Mali a yau, ta game mafi yawan Afirka. A yammacin Nijar fara ta cinye amfanin daminar 1930, ga ƙarancin ruwa, ga haraji da aikin tilas waɗanda hukumar Faransa, zamanin gwamna Blacher, ba ta sassauta ba. Abin da ya biyo baya shi ne yunwar 1931, wadda Zabarmawa suke kira shekarar fara. Dubban mutane suka mutu, wasu dubbai suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Sakkwato da Kabi. Masana tarihi irin su André Salifou da Boureima Alpha Gado sun nuna cewa ɓarnar fara ta sami hanya ne saboda an riga an tatse rumbunan talakawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan wannan yunwa ne Turawa suka tsananta dokar rumbun tsimi, wadda manoma suka daɗe suna kuka da ita.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka sami sabon makami, wato magungunan ƙwari na zamani da jiragen sama masu feshi. Da su aka yaƙi ƙananan fari na gida a 1986, da farar hamada daga 1987 zuwa 1989, lokacin da wani garkenta ya ƙetare tekun Atlantika har tsibiran Karibiyan a watan Oktoba na 1988. Da su kuma aka tari ta 2004, wadda ta haɗu da fari ta jawo ƙarancin abinci na 2005. A wannan yaƙi na ƙarshe an fesa hekta kimanin miliyan 13 a ƙasashen da abin ya shafa.

Fara baƙuwa ce, takan zo garke guda, a tare ta, ta wuce. Amma ta bar wa manomi da ma'aikacin gona wata ɗabi'a: da an ga ƙwaro, sai a nemi magani. Wannan ɗabi'a tana da ranarta idan maƙiyi daga nesa ya zo. Inda take cutarwa shi ne idan ƙwaron ɗan gida ne, a gonar aka haife shi, kuma a gonar masu cinsa suke. Manoman shinkafar Asiya ne suka fara biyan kuɗin wannan darasi.

Wereng: annobar da feshi ya raina

Ƙwaron da mutanen Indunisiya suke kira wereng, masana kuma suke kira Nilaparvata lugens, ɗan tsalle ne mai ruwan ƙasa wanda tsawonsa bai wuce milimita huɗu ba. Yakan zauna a gindin shinkafa, daf da ruwa, yana tsotse ruwan jikinta. Idan ya yi yawa sai gona ta bushe tabo-tabo kamar an sa mata wuta, kuma yana ɗauke da cututtuka biyu masu hana shuka girma. Macen takan soka ƙwanta cikin kuben ganye, cikin wata guda kuma ƴaƴan sun girma sun soma nasu.

An daɗe da saninsa a Japan, inda ake danganta yunwar 1732 da ɓarnar irin waɗannan ƙwari, har manoma suka koyi zuba man kifin whale a kan ruwan gona, su kakkaɓe ƙwarin su faɗa ciki. Amma a ƙasashe masu zafi kamar Filipin da Indunisiya ba a ɗauke shi a bakin komai ba sai bayan 1966. A wannan shekara cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, wadda aka kafa a Los Baños ta Filipin a 1960, ta fitar da irin IR8, gajere mai yawan yabanya. Tare da shi aka kawo takin zamani, da noman rani har sau biyu ko uku a shekara, da maganin ƙwari wanda gwamnati ke biyan mafi yawan kuɗinsa. Amfani ya ƙaru ƙwarai, wereng ma ya ƙaru. Taki ya sa shinkafa ta yi masa daɗi, noma babu hutu ya sa ba ya rasa abinci, iri guda kuma ya shimfiɗu daga gari zuwa gari.

Masana suka amsa da sabon iri. A 1973 aka fitar da IR26, mai ɗauke da wata juriya da aka samo daga shinkafar Indiya. Cikin shekara biyu zuwa uku ƙwaron ya saba da shi, domin ƴan tsirarun da suke iya cinsa su ne suka rayu suka hayayyafa, har suka zama su ne masu yawa. Indunisiya ta yi babbar asara a 1976 da 1977. Aka fitar da IR36 a 1976, ya riƙe har farkon shekarun 1980, sa'an nan shi ma ya soma kasawa a wasu wurare.

A ƙarshen shekarun 1970 wani mai bincike, Peter Kenmore, da abokan aikinsa suka ƙidaya ƙwarin gonakin Filipin, suka tarar gonar da aka fesa ta fi wadda ba a fesa ba yawan wereng. Dalili a fili yake. Gizo-gizo da sauran ƙwari masu farauta su ne suke cinye wereng kullum. Guba takan kashe su, amma ba ta kai wa ƙwan da ke ɓoye cikin kube. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe sai ƴaƴan su iske gona babu mai tsaro. Har ma an gano cewa wasu magunguna, idan ba su kai ƙarfin kisa ba, suna sa macen ta ƙara yawan ƙwai.

Indunisiya ta kai ga ciyar da kanta da shinkafa a 1984, amma a 1986 wereng ya sake tasowa a tsibirin Java. A watan Nuwamba na wannan shekara shugaba Suharto ya sa hannu a kan umarnin da ya hana amfani da magungunan ƙwari 57 a gonakin shinkafa. Zuwa 1989 an janye tallafin magani gaba ɗaya, aka kuma buɗe makarantun gona tare da hukumar FAO, inda manoma suke taruwa mako-mako cikin gona, su kama ƙwari, su zana su, su rarrabe mai ɓarna da mai taimako. Feshi ya ragu, shinkafa ba ta ragu ba.

Sai dai darasin bai zauna ba. Da magunguna masu araha suka cika kasuwanni, wereng ya dawo da ƙarfi a Sin a 2005, wannan karon yana jure wa imidacloprid, maganin da aka fi dogara da shi. Daga 2009 zuwa 2011 ya yi mummunar ɓarna a Tailan. Ke nan ƙwaro ɗaya ya karya iri, ya kuma karya magani, kuma ta hanya ɗaya ya karya su.

Wereng bai zama annoba a Nijar ba, amma rabin labarinsa ya faru a bakin kogin Isa. A gonakin noman rani da ofishin ONAHA, wanda aka kafa a 1978, yake kula da su, wani iri daga IRRI mai suna IR1529 ya mamaye filaye. Da cutar da ke mai da ganyen shinkafa rawaya ta bazu, sai ta tarar da iri guda mai rauni ko'ina, dole aka nemi wasu kamar WITA 8 da WITA 9.

Murzuna: maƙiyin cikin gida

Takwarar wereng a gonar hatsi ita ce murzuna, wadda masana suke kira Heliocheilus albipunctella. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare, wanda yakan fito daga ƙasa kimanin wata guda bayan ruwan shuka, ya zuba ƙwai a kan zangarniya lokacin da take fitowa. Tsutsar takan shiga tsakanin furanni tana yanke su, tana zagaya zangarniya kamar murɗin igiya, ta bar layi babu ƙwaya. Idan ta ƙoshi sai ta sauka cikin ƙasa ta kwanta, ta yi rani duka, ta jira wata damina.

Wannan ƙwaro ɗan Sahel ne tun asali, amma ba a lura da ɓarnarsa mai yawa ba sai bayan farin 1972 zuwa 1974. Masana sun danganta haka da abubuwa biyu: fari ya rage ƙwarin da ke cinsa, sa'an nan manoma, saboda gajartar damina, sun koma ga hatsi mai saurin nuna, wanda fitar kansa take dacewa da tashin uwar murzuna. Maiwa, da yake takan makara, ta fi tsira. A mummunar shekara murzuna tana iya cinye fiye da rabin amfanin gona, kuma manomi ba ya gane girman asarar sai ranar girbi, ya ɗaga dami ya ji babu nauyi.

Feshi bai yi tasiri a kanta ba. Tsutsar tana ɓoye, karan hatsi ya fi mutum tsawo, gonaki suna da faɗi, ruwan haɗa magani yana da nisa, kuɗin magani kuma ya fi ƙarfin mai noman ci. Wannan rashi ya zama alheri, domin ya tura masu bincike neman wata hanya. Akwai wani ɗan zanzaro, Habrobracon hebetor, ƙarami kamar ƙwayar hatsi, wanda yakan harbi tsutsar ya sumar da ita, ya zuba ƙwansa a jikinta, ƴaƴansa su cinye ta. Yana nan cikin ƙasar tun da, aibinsa kawai shi ne ba ya yawaita sai ƙarshen damina, bayan ɓarna ta auku.

Daga 2006 cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, a reshenta na Maraɗi, tare da takwarorinta na Mali da Burkina Faso, da tallafin gidauniyar McKnight, suka ɗauki aikin kiwon wannan zanzaro. Ibrahim Baoua da Malick Ba suna cikin masanan da suka jagoranci aikin. Dabarar mai sauƙi ce: ƙaramar jakar algarara, a zuba mata hatsi da gari, da tsutsotsin wani asu mai cin hatsin ajiya, da matan zanzaro biyu. A rataye jakunkuna kamar goma sha biyar kewaye da gari lokacin da hatsi ke fitar da kai. Cikin ƴan kwanaki sababbin zanzaro suke fitowa ta ramukan saƙa, su bazu cikin gonaki har nisan kilomitoci. A garuruwan da aka gwada, mafi yawan tsutsotsin sun mutu kafin su gama ɓarna. Da ɗan gari akan ci gari.

Kammalawa

Haɗarin da ke fuskantar wannan nasara shi ne wanda ya mayar da wereng gonakin Sin da Tailan. Kasuwannin Arewa kusa suke da iyakar Nijeriya, kuma a ranar kasuwa ana shimfiɗa kwalaben maganin ƙwari, har da piya-piya, da yawansu ba su bi ta hannun kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magunguna ba, wanda ya soma aiki a Bamako a 1994. Wanda ya fesa wa waken da ke tsakanin hatsinsa irin wannan guba ba tare da awo ba, yana kashe zanzaron da maƙwabcinsa ya rataya. Haka nan wanda ya watsar da irin kakanninsa duka saboda iri guda na zamani, yana shimfiɗa wa ƙwaro tabarmar da aka shimfiɗa wa wereng. Sabon iri yana da amfani, magani ma yana da ranarsa, musamman ranar da fara ta sauka. Abin da tarihin Asiya ya nuna shi ne kowannensu yana da wa'adi, kuma yawan dogara da shi ne yake gajarta wa'adin.

A nan malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu suke da aiki. Abin da ya ceci manoman Java a 1989 ilimin rarrabe ƙwari ne, kuma da harshensu suka koye shi. Dattawan Dogon Kiriya da Matankari da Dan Kasari sun san sunayen fari iri-iri, sun san wace ake ci wace ba a ci, sun san irin hatsin da ke tsere wa murzuna da wanda tsuntsu ba ya so. Kaɗan ne daga wannan sani aka rubuta da Hausa. Ajin da ya fita gona a watan Agusta, ya tsinko zangarniya mai murzuna, ya nemi tsutsar da zanzaro ya harba, ya tambayi tsoho sunan kowane ƙwaro ya rubuta, ya yi irin aikin da makarantun gona suka yi. Yaron da ya san gizo-gizo da zanzaro ma'aikatan gonar ubansa ne, zai yi tambaya kafin ya buɗe kwalba.