Abin Da Ke Ƙarƙashin Fadama

Wannan makon ku yi mini afuwa, ci gaban labarinmu zai jira, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai.

Ina ƙaramin yaro a Tsiga tamu ta ƙasar Bakori, mahaifina ya sa aka haƙa masa rijiya a fadama saboda noman rani. Mai haƙar ya wuce baƙar laka, ya wuce jar ƙasa, da ya kai kamar gaba biyu sai ga farin yashi mai laushi irin na gindin rafi, alhali babu rafi a wurin. A cikin yashin ya fito da katanga ta tukunya mai zane. Baba ya jujjuya ta, ya ce kayan mutanen da ne, ya wurgar. Shi ke nan.

Ban san abin da muka wurgar ba sai da na karanta labarin Dufuna, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe, kusa da kogin Komadugu Gana. A 1987 wani Bafulatani makiyayi, Malam Ya'u, yana haƙa rijiya don shanunsa, da ya kai zurfin mita 5 sai ya ci karo da icce mai tauri. Shi bai yi irin ta babana ba, ya kai magana gaba. A 1994 Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt ta Jamus da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci tono wurin, leburori 50 suka yi mako biyu suna aiki. Abin da ya bayyana kwalekwale ne da aka sassaƙa daga madaci, tsawonsa ya haura mita 8. Da aka gwada shekarunsa sai aka samu ya kai wajen 8,000. Duk Afirka ba a samu wanda ya girme shi ba. Daga baya aka kai shi Damaturu.

To, me kwalekwale yake yi a ƙasar da makiyayi ke wahalar neman ruwa? A nan aikin masu huda ƙasa ya shigo, kuma wallahi shi ya fi burge ni. Ba a iya tone fadama gaba ɗaya, ruwa zai cika ramin, kuɗi kuma su ƙare. Sai su ɗauki dogon ƙarfe mai rami a ciki, su murɗa shi ƙasa da hannu, su zaro. Ƙasar tana fitowa hawa-hawa yadda ta kwanta, ta jiya a sama, ta zamanin kaka da kakanni a ƙasa. Su rubuta launinta da zurfinta, su matsa gaba kaɗan su sake hudawa, haka a jere kamar mai shuka. Idan aka haɗa bayanan sai taswira ta fito: inda tsakuwa da yashi suka yi layi, tsohon kogi ne ya bi, inda laka ta yi laushi da kauri, tafki ne ya kwanta, inda yashi ya yi tudu, nan mutane za su iya zama, nan ya kamata a tona.

Ita laka mai ruwa ba ta barin iska ta shiga, shi ya sa icce ba ya ruɓewa a cikinta. Har ƙurar furen itatuwa tana adanawa. A tafkin Tilla da ke kusa da Biu an zaro irin wannan laka, aka tarar da ƙurar itatuwan da yau sai an nausa kudu ake ganinsu. Ke nan a zamanin kwalekwalen ruwan sama ya fi na yanzu nesa ba kusa ba. Tafkin Chadi kansa ya taɓa mamaye sama da murabba'in kilomita 300,000, kuma dogon tudun yashin da ya ratsa Bama da Maiduguri tsohuwar gaɓarsa ce.

Mu marubuta, har da ni, in za mu taɓo tarihi daga Bayajida muke farawa, kamar kafin shi babu kowa a ƙasar nan. Ga mutum ya sassaƙa madaci shekara 8,000 da suka wuce, ya gyara bakinsa tsaf, mu ko shafi ɗaya ba mu ba shi ba.

Da sallar da ta wuce na je gida, na sa ƙanena ya raka ni fadamar. Rijiyar ta rufta tun tuni, an shuka rake a kai. Masu tona rijiyar burtsatse kuwa sun cika yankin, kullum injinsu yana fito da yashi da laka ruwa yana wanke su. Na tsuguna kan wani tsibin yashin da suka bari ina tonawa da yatsa, ƙanena yana ta yi mini dariya, wai Yaya ko zinare kake nema.