Kofi goma ne ko sha biyu? Waiwaye kan tarihin Super Falcons

Kwanaki kaɗan bayan Super Falcons, tawagar matan Najeriya, sun doke Maroko da ci 3-2 a wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka ta mata a Rabat, ranar 26 ga Yulin 2025, wani mai karatu daga Zariya ya aiko mini da tambayar da ni kaina ta daɗe tana damuna. Ya ce shekara da shekaru yana jin masu sharhin wasanni a rediyo suna yi wa 'yan matan nan kirari da zakarun Afirka sau goma sha ɗaya. To ga shi sun ƙara ɗaga kofi, maimakon lissafi ya hau sha biyu sai ya sauko goma, har hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ta yi ta shelar farautar kofi na goma tun kafin a tafi gasar. Ina sauran biyun suka shiga?

Biyun da suka ɓace su ne na 1991 da 1995, kuma labarinsu shi ne mafarin labarin tawagar baki ɗaya.

A 1991 ne FIFA ta shirya gasar cin kofin duniya ta mata karon farko a ƙasar Sin, ta ware wa Afirka kujera ɗaya tak. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ba ta tara ƙasashe a wuri guda ba, sai ta ce a yi ta karawa gida da waje har a samu gwana. Ranar 16 ga Fabrairun shekarar Najeriya ta buga wasanta na farko a tarihi, ta lallasa Ghana da ci 5-1 a Legas. Ta wuce Ghana, ta wuce Gini, ta haɗu da Kamaru a wasan ƙarshe ta zura mata shida ba ko ɗaya a wasanni biyu. A 1995 aka maimaita wannan tsari, inda Afirka ta Kudu ta sha kashi 4-1 da 7-1 a karawar ƙarshe. Sai a 1998 aka fara gasa irin wadda muka sani yau, mai masaukin baƙi da rukuni-rukuni, kuma daga nan CAF take fara ƙirge yanzu: 1998, 2000, 2002, 2004, 2006, 2010, 2014, 2016, 2018, sai na Rabat. Goma cif.

Masu goyon bayan wannan lissafi suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Sun ce na 1991 da 1995 wasannin share fage ne na neman gurbin gasar duniya, ba gasar nahiya ba. Sun ce a 1991 rabin ƙasashe takwas da suka ba da suna sun janye, har Kamaru ta kai wasan ƙarshe ba tare da ta taɓa ƙwallo ba, don duk wadda aka haɗa ta da ita ba ta zo ba. Gaskiya ne haka aka yi.

Amma ni ban gamsu ba. A duba gasar maza ta farko da aka yi a Khartoum a 1957. Ƙasashe uku ne kacal suka buga: Sudan, Masar da Habasha. An cire Afirka ta Kudu saboda wariyar launin fata, don haka Habasha ta tsinci kanta a wasan ƙarshe ba tare da ta yi gumi ba, daidai abin da ya faru da Kamaru. Masar ta ci wasa biyu ta ɗauki kofi, kuma har gobe wannan kofin yana cikin bakwai ɗin da take alfahari da su, babu wanda ya ce a goge shi. 'Yan matan 1991 wasa shida suka buga, suka ci shida. In wasa biyu ya isa a kira namiji zakaran Afirka, da wane ma'auni ake hana mace mai wasa shida? Janyewar wasu ƙasashe laifin hukumominsu ne da ba su ɗauki ƙwallon mata a bakin komai ba. Ba daidai ba ne a ɗora wa waɗanda suka halarci fili hukuncin waɗanda suka ƙi zuwa. Don haka a wannan shafi sha biyu nake rubutawa, in ƙara da bayanin cewa goma daga ciki ne CAF take lissafawa.

Abin da ya sa na damu da lamarin shi ne mutanen da ake sharewa tare da kofunan. Florence Omagbemi tana da shekara 16 ta je Sin. Tare da ita akwai Nkiru Okosieme da mai tsaron gida Ann Chiejine. Sun dawo ba su ci ko ƙwallo ɗaya ba: Jamus ta ba su 4-0, Italiya 1-0, Taiwan 2-0. A gasar duniya ta Suwidin a 1995 Norway ta yi musu ruwan ƙwallaye takwas, amma suka dage suka yi 3-3 da Kanada. Waɗannan yaran da suka sha duka a waje su ne suka girma suka zama ƙashin bayan tawagar da har yau ba a yi kamarta ba.

Mu 'yan Arewa muna da rabo a wannan babi, ko da yake ba kasafai ake tunawa ba. Gasar 1998 a Kaduna da Abeokuta aka yi ta, kuma a Kaduna Najeriya ta buɗe da yi wa Maroko 8-0. E, wannan Marokon dai. Ta bi Kwango da Masar da shida-shida, ta yi wa Kamaru shida a wasan kusa da na ƙarshe, ta gama da Ghana 2-0 a Abeokuta. Ƙwallo 28 ta ci, ba a taɓa ragarta ba ko sau ɗaya. Mai horar da su kuwa mutumin Jos ne, Ismaila Mabo, tsohon ɗan bayan ƙungiyar Mighty Jets da ya taɓa sa rigar Najeriya. In za a rubuta tarihin Falcons da adalci, sunansa ne zai zo a sahun farko cikin masu horarwa, saboda abin da ya faru a Amurka a shekarar da ta biyo.

A gasar duniya ta 1999 Falcons sun fara da doke Koriya ta Arewa 2-1. Wasa na biyu da mai masaukin baƙi aka yi shi a Chicago, filin ya cika ya batse. Minti biyu da take wasa Okosieme ta jefa ƙwallo a ragar Amurka, filin ya yi tsit. Daga nan fa sai aka tsokano tsuliyar dodo, domin kafin a tafi hutun rabin lokaci Amurka ta zura shida, aka tashi 7-1. Tawagar da aka yi wa irin wannan kaye yawanci jikinta mutuwa yake yi. Su kuwa bayan kwana uku suka fito suka ci Denmark 2-0, Mercy Akide da Okosieme suka ci ƙwallayen, suka zama tawagar Afirka ta farko da ta tsallake matakin rukuni.

Ranar 1 ga Yuli suka haɗu da Brazil a kusa da birnin Washington, lokacin nan gida talatainin dare ne. Cikin minti 35 Brazil ta ci uku: Cidinha biyu, Nenê ɗaya. Nan Mabo ya yi abin da koci kaɗan ne ke da zuciyar yi. Tun ba a je hutu ba ya fitar da Chiejine, golarsa ta fari wadda ta tsare wa ƙasar raga tun 1991, ya sa Judith Chime. Duk wanda ya taɓa tsaron gida ya san zafin a cire ka ana tsakar wasa a idon duniya. Amma canjin ya farkar da tawagar. Da aka dawo, Prisca Emeafu ta farke ɗaya a minti na 63, Okosieme ta ƙara a na 72, sannan saura minti biyar a tashi Nkechi Egbe ta kawo ta uku. Uku da uku. Murna ba ta gama sauka ba alƙaliyar wasa ta kori Patience Avre, Najeriya ta shiga ƙarin lokaci da mutum goma. A wancan zamani dokar ita ce duk wanda ya fara ci a ƙarin lokaci an tashi ke nan. A minti na 104 aka ba Brazil bugun tazara daga gefen hagu, Sissi ta lanƙwasa ƙwallon ta wuce Chime, wasa ya ƙare 4-3.

An fitar da su, amma wannan ne mataki mafi nisa da wata tawagar mata ta Afirka ta taɓa kaiwa a gasar duniya, kuma shi ya ba su tikitin gasar Olamfik ta Sydney a 2000. Mabo ya sake kai su zagayen 'yan takwas a Olamfik ta Athens a 2004, Jamus ta cire su da ƙyar 2-1. Ita kuwa Chiejine ba ta yi zuciya ta bar harkar ba, daga baya ma ta dawo tawagar a matsayin mataimakiyar koci.

Shekarun da suka biyo a Afirka ba su da wani dogon labari, don cin kofi ya zama wa Falcons kamar shan ruwa. A 2000 ma ba a gama wasan ƙarshe ba, 'yan kallo a Afirka ta Kudu suka fara jifa da kwalabe da Najeriya ta ci ta biyu, aka tsayar da wasa aka ba ta kofi. A 2004 Perpetua Nkwocha ita kaɗai ta ci huɗu daga cikin biyar da aka zura wa Kamaru. Ikwatoriyal Gini ce kawai ta katse musu hanzari a 2008 da 2012.

Abin da ya cancanci a tsaya a kansa a wannan zango shi ne haƙƙinsu. A 2004, da kofi a hannu, suka ƙi fita daga otal ɗinsu a Afirka ta Kudu sai an biya su ladan wasa. A 2016 abin ya fi muni. Omagbemi, yarinyar nan ta 1991, ita ce koci, ta kai su Yawunde suka ci Kamaru a gidanta 1-0 da ƙwallon Desire Oparanozie dab da tashi. Suka dawo Abuja aka ce babu kuɗi. Kusan mako biyu suka yi zaman dirshan a otal ɗin Agura, sun riƙe kofin sun ƙi miƙa shi. Ranar 14 ga Disamba, ranar da Shugaba Buhari zai gabatar da kasafin kuɗi, zakarun Afirka suka ɗauki kwalaye suka taka zuwa ƙofar Majalisar Tarayya suna roƙon a ba su guminsu. Sai bayan nan aka saki kuɗin. Hoton nan har yau yana sosa mini rai. Kuma abin bai tsaya nan ba: shekarar 2017 gaba ɗayanta ba a shirya musu wasa ko ɗaya ba, a Afrilun 2018 kuma Faransa ta yi musu 8-0. A 2019 aka sake zaman otal a Faransa, a 2022 suka ƙaurace wa atisaye a Maroko, duk a kan alawus. A ganina cutar ɗaya ce da ta batun kofi biyun nan: a karɓi aikin mata da hannu bibbiyu, in an zo lissafi a rage.

A gasar Afirka ta 2022 Maroko ta cire su a bugun fanareti bayan an kori Halimatu Ayinde, haifaffiyar Kaduna, da Rasheedat Ajibade, suka ƙarasa wasa su tara. A gasar duniya ta 2023 suka girgiza Ostireliya a gidanta 3-2, Chiamaka Nnadozie ta kaɗe fanaretin Christine Sinclair ta Kanada, Ingila kuma ba ta iya cin su ba cikin minti 120 sai da aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Mabo bai ga wannan ba, Allah ya yi masa rasuwa a Jos ranar 13 ga Maris ɗin shekarar.

Wasan Rabat a wani gidan kallo na unguwarmu na gan shi, cikin samarin da a da ko kyauta ba sa kallon ƙwallon mata. Ghizlane Chebbak ta ci, Sanaa Mssoudy ta ƙara, minti 24 kacal Maroko na da biyu. Da aka tafi hutu benci biyu suka zama wayam, wasu suka fice wajen mai shayi suna cewa an gama. Wani dattijo da ke kusa da ni bai motsa ba, ya ce wa yaran su zauna, shi ya ga ranar Brazil. Esther Okoronkwo ta ci fanareti a minti na 64, ta ba Folashade Ijamilusi ta farke a na 71, sannan a na 88 ta ɗago bugun tazara Jennifer Echegini ta tura shi raga. Waɗanda suka fita sai ga su suna turereniya a bakin ƙofa, mai gidan kallon ma bai tsaya karɓar kuɗi ba. Koci Justin Madugu, ɗan Adamawa, ya yi abin da Mabo ya kusa yi shekara 26 da suka wuce.

Wannan karon babu wadda ta kwana a otal tana jiran haƙƙi kafin a kula ta. Shugaba Tinubu ya karɓe su a fadarsa, ya sanar da lambar girma ta OON, da gida mai ɗaki uku, da kwatankwacin dala 100,000 ga kowace 'yar wasa. A jawaban ranar kofi goma aka yi ta ambata. Ga mai tambaya daga Zariya, sauran biyun suna nan a Legas da sauran filayen da Omagbemi da Okosieme da Chiejine suka buga a 1991 da 1995, wasa goma sha biyu, babu wanda ba su ci ba.