Intel a Kasuwar Katin Hoto Mai Zaman Kansa: Matsalar Direba da Tsadar Ƙira

Tsakure

Maƙalar ta duba yunƙurin kamfanin Intel, wanda duniya ta sani da ƙera furosesa, na kutsawa kasuwar katin hoto mai zaman kansa, wato wanda ake sayowa daban a liƙa a kwamfuta. Hujjarta ita ce, manhajar direba da kuɗin ƙera guntu sun fi ƙarfin guntun kansa tasiri wajen yanke makomar wannan yunƙuri.

Shimfiɗa

Ba yau Intel ya fara ba. A 1998 ya fitar da i740, bai yi kasuwa ba. Shirin Larrabee kuma an soke shi a matsayin katin hoto a 2009, daga baya fasaharsa ta koma Xeon Phi. Tun bayan da AMD ya sayi ATI a 2006, kamfanoni biyu ne suka riƙe kasuwar, AMD da Nvidia. Intel ya sake ɗaura ɗamara a 2017 da ɗaukar Raja Koduri daga AMD, har ya fitar da katunan Arc A750 da A770 a Oktoban 2022.

Direba

A nan gizo ke saƙa. Direba ita ce manhajar da ke fassara umarnin wasa zuwa abin da katin ke fahimta. Nvidia da AMD sun shafe sama da shekara ashirin suna gyara direbobinsu wasa bayan wasa, masu ƙirƙirar wasanni su ma a kan katunansu suke gwaji. Intel ya iso bai da wannan gado. Da farko bai rubuta direba ta musamman ga tsofaffin wasannin DirectX 9 ba, ya dogara da wata manhajar Microsoft mai juya umarninsu zuwa DirectX 12. Sai ga kati sabo fil yana tafiyar hawainiya a wasannin da miliyoyin mutane ke bugawa kullum, irin su Counter-Strike. Sabuntawar Disamban 2022 ta gyara abu mai yawa, amma mai saye da ya ji jiki sau ɗaya ba ya saurin komowa. Ƙari a kan haka, katunan Arc na buƙatar tsarin Resizable BAR kafin su nuna ƙarfinsu, tsofaffin kwamfutoci da dama kuwa ba su da shi. Abin takaici ne, domin masu irin waɗannan kwamfutoci su ne suka fi neman kati mai rahusa.

Tsadar ƙira

Intel ba ya ƙera guntayen katunan Arc a masana'antunsa, TSMC na Taiwan ne ke yi masa. Guntun katin Arc B580 da ya fito a Disamban 2024 ya kai kimanin murabba'in milimita 272, na RTX 4060 na Nvidia da yake gogayya da shi kuwa kimanin 159. Guntu mai faɗi ya fi cin kuɗi, kuma kaɗan ake samu daga kowane faifan silikon. Duk da haka an sa wa B580 farashin dala 249 da ma'ajiyar gigabait 12, inda kishiyarsa ke da 8. Mai saye ya ci riba, ribar kamfani kuwa ta tsuke. A ganina wannan farashi kuɗin sayen amincewa ne, kuma ya dace a biya shi, domin kasuwar da kamfani ɗaya ya mamaye mafi yawanta, kamar yadda Nvidia ya yi, talaka take cutarwa.

Tambayar ita ce ko Intel na da juriyar ci gaba da biya. Koduri ya bar kamfanin a 2023, harkar masana'antun Intel na tafka asara, sannan a Satumban 2025 Nvidia ya sanar da zuba dala biliyan 5 a Intel, da yarjejeniyar haɗa guntayen hoto na RTX da furosesan Intel a ƙunshi ɗaya. Kamfanin da Arc ya fito ya ƙalubalanta yanzu yana cikin masu hannun jari a gidan.